Neman kalma: lokacin da inuwa ta fi gajarta

Malamar Kimiyya, Gwale: Assalamu alaikum. Jama'a ku agaza mini kafin Litinin. Ina koya wa 'yan aji biyar darasin inuwa, kuma da Hausa nake son rubuta takardar aikinsu. Jiya muka kafa sanda mai tsawon mita 1 a filin makaranta, muna ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta duk bayan minti 15. Da hantsi doguwa ce, ta miƙe yamma. Ta yi ta gajarta har ta kai wajen santimita 70 tana kallon arewa, sannan ta fara tsawo ta gabas. Littafin Turanci yana kiran wannan gaɓar "solar noon". Na rubuta "tsakar rana" a allo, yara suka ce ai ƙarfe 12 ke nan, alhali tamu sai wajen 12:20 ta zo. Wace kalma zan sa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Malama, zawali mana. Ko yaron makarantar allo ya san shi.

Alaramma na Dala: A'a ɗana, akwai bambanci. Zawali shi ne gushewar rana daga tsakiyar sama, lokacin da inuwa ta fara ƙaruwa, a nan Azahar take shiga. Abin da Malama take nema yana gabansa da ɗan kaɗan, malamai suna ce masa istiwa'i. Mu da ƙafa aka koya mana awon. Tsawon mutum ƙafarsa bakwai, idan inuwarka ta ƙaru da ƙafa bakwai a kan abin da ta rage da tsakar rana, La'asar ta shiga.

Mai Kishin Hausa: Ga inda nake samun matsala. An gudu daga Turanci an faɗa Larabci. Hausa ta rasa bakin magana ne? Ni tuni na ƙirƙiri "tsayuwar rana", kuma ita nake amfani da ita.

Malamar Kimiyya, Gwale: Yallaɓai, tsorona kada yara su ɗauka rana tana tsayawa. Sati biyu na yi ina fahimtar da su cewa ƙasa ce take juyawa.

Mai Kishin Hausa: To "faɗuwar rana" fa? Faɗuwa take yi? Kowa ya san salon magana ne. Tsayuwar rana ta zauna daram.

Ɗan Fagge: In za ka kori Larabci sai ka fara da Litinin ɗin da Malama take jira, ka haɗa da littafi da alƙalami.

Mai Kishin Hausa: Waɗancan sun daɗe sun zama namu. Istiwa'i kuwa je ka Kasuwar Kurmi ka faɗa, ka ga mutum nawa zai gane. Ku Kanawan birni kuna ganin duk abin da ba ku saba ji ba, ba Hausa ba ce.

Ɗan Fagge: Hausar Kano ce dai aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta.

Injiniya, Tarauni: Don Allah mu dawo kan buƙatar Malama. Agogon Najeriya an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Kano kuwa tana wajen digiri 8 da rabi. Kowane digiri minti 4 ne, shi ya sa rana take makara mana da kimanin minti 26. Lokacin gajartar inuwar kuma yana motsi cikin shekara, wajen 12:10 a farkon Nuwamba, wajen 12:40 a Fabrairu. Malama, ki sake gwajin nan wajen 22 ga Afrilu. A lokacin rana takan bi ta saman kanmu sosai, inuwar sandar za ta kusa ɓacewa. Daga nan har wajen 21 ga Agusta kudu za ta riƙa kallo. Shawarata ki ce "rana tsaka", kamar yadda iyayenmu suke cewa rana ta take tsaka, ki bar wa agogo "ƙarfe 12".

Alaramma na Dala: Wannan ya yi. Sai dai 'yata ki faɗa musu zawali yana biye da ita, kada su riƙa sallah kafin lokaci.

Malamar Kimiyya, Gwale: Na gode Baba, na gode Injiniya. "Rana tsaka" zan rubuta a takardar, in yi bayanin zawali da baki. In yara suka sake ruɗewa zan dawo.

Mai Kishin Hausa: Ba laifi, Hausa ce dai. Amma ni a rubutuna tsayuwar rana zan ci gaba da sawa.