PuTTY ya ƙi shigar da ni saba tun da na ɗaga Ubuntu zuwa 22.04

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Ni ke kula da sabar (babbar kwamfutar da ake shiga ta intanet) wata makaranta, a kanta manhajar sakamakon jarrabawa take. Jiya da dare na ɗaga ta daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04. Ta tashi lafiya, shafin ma yana buɗewa, amma ni ta ƙi ni. Da na sa mabuɗina (fayil ɗin sirri da nake shiga da shi) sai PuTTY, manhajar da nake shiga sabar da ita daga nesa, ya ce "Server refused our key". Mabuɗin RSA ne, tun 2019 nake aiki da shi, ban taɓa shi ba. Ga shugaban makaranta sai kira yake, jibi za a saki sakamako.

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam. Duba ufw, manhajar da ke buɗewa da rufe ƙofofin sabar, wataƙila ƙofa ta 22 da PuTTY ke shiga ta nan ce ta rufe.

Injiniya Tudun Wada:
A'a Malam Abu, ba ƙofa ba ce. Da ita ce, da "timed out" zai gani ko "refused" tun kafin a tambaye shi suna. Shi ya isa sabar, mabuɗin aka ƙi.

Ɗan'uwa, wane PuTTY ne a kwamfutarka? Tun OpenSSH 8.8 (manhajar da ke karɓar masu shiga sabar), a 2021, aka daina karɓar tsohon salon sa hannu na ssh-rsa mai SHA-1 sai in mutum ya kunna da kansa, kuma Ubuntu 22.04 da OpenSSH 8.9 yake zuwa. Mabuɗinka lafiyarsa ƙalau, tsohon PuTTY ne bai iya sa hannu da sabon salon SHA-2 ba. Ka shiga ta allon gaggawa na kamfanin da ka kama hayar sabar, ka buɗe /var/log/auth.log. In ka ga "ssh-rsa not in PubkeyAcceptedAlgorithms", to shi ne. Sauke sabon PuTTY, har da Pageant, mai riƙe maka mabuɗai, in kana amfani da shi.

Kuma ka daina ta gwadawa. In akwai fail2ban, manhajar da ke toshe masu yawan kuskuren shiga, kuskure 5 ya isa ya toshe ka na minti 10.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. PuTTY 0.70 ne ashe. Na sauke sabo, na shiga. Wani ya ce in mayar da ssh-rsa a sshd_config, fayil ɗin saitin OpenSSH, in yi?

Injiniya Tudun Wada:
Kar ka yi, ba banza aka kashe shi ba. In kana son canji, yi sabon nau'in mabuɗi na ed25519 da PuTTYgen, manhajar yin mabuɗai, ka zuba ɓangarensa na fili (public key) a authorized_keys, fayil ɗin mabuɗan da sabar ta yarda da su, ka gwada a sabuwar taga kafin ka rufe wadda kake ciki.