Neman kalmar Hausa: me za mu kira baƙin abin nan da ke wucewa ta gefen ido?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar harshe. Neman kalma ne ya kawo ni yau, kuma tuni wasu 'yan'uwa suka aiko da tasu shawarar a kanta, zan taɓo su a ƙasa. Masu fassara labaran lafiya da na kimiyya suna yawan cin karo da abin da Turawa ke kira "shadow people", wato baƙar surar nan mai siffar mutum, ba fuska ba ido, wadda wasu ke gani ta wuce ta gefen idonsu, ko su farka cikin dare su tarar da ita tsaye a bakin ƙofa. Abin da na fi gani a rubuce shi ne "mutanen inuwa", kuma ni bai kwanta mini ba.

Duk wanda ya taɓa takowa daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo a nan Zariya da tsakar rana a watan Afrilu ya san matsayin inuwa a wurin Bahaushe. Hutu ce, rahama ce. Mukan ce wane yana ƙarƙashin inuwar wane, su wane ba sa shan inuwa ɗaya, wane inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Har suna muke raɗa wa yaro da ita. Turanci ya raba inuwar gindin itace da wadda jikin mutum ke yi a ƙasa, kowacce da kalmarta, mu kuwa ɗaya gare mu, kuma mai daɗin ce ta fi rinjaye a kunne. Ka ce wa dattijo a Tudun Wada "mutanen inuwa", abin da zai zo masa shi ne 'yan majalisar gindin darbejiya masu dara bayan azahar. Ga kuma "mutanen" ɗin, wanda nan take yake jan hankali zuwa ga mutanen ɓoye, ka ga an yanke hukunci ke nan tun ba a saurari shari'a ba.

Shi kansa sunan na Turanci ba tsoho ba ne. Ya yaɗu ne daga wani shirin rediyo na dare a Amurka, Coast to Coast AM, a 2001, lokacin da mai gabatarwa Art Bell ya nemi masu saurare su aiko da zanen abin da suka gani. Intanet ta ƙarasa sauran. Babu dalilin da zai sa mu kwaikwayi gininsa kalma bayan kalma.

To, me ke cikin rumbunmu? Fatalwa ba ta yi ba, domin fatalwa mamaci ne da ya dawo, galibi ma da fari ake siffanta ta saboda likkafani, kuma akan ce fatalwar wane. Wannan abu kuwa ba shi da dangi. Kurwa ta shiga sha'anin maita, ba na son mu kai mai karanta shafin lafiya can. Dodo na tsoratar da yara ne.

Wani malami daga Samaru ya rubuto cewa mu ce aljani mu huta. Allah ya gafarta Malam, babu musulmin da ke musun samuwar aljanu, sura guda ce sukutum a Alƙur'ani. Sai dai aya ta 27 a Suratul A'araf ta gaya mana cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu. Saboda haka ba kowane baƙin abu da ya gitta a soro ne za mu rantse cewa aljani ba ne. Wata Hajiya kuma ta ce ai "gizon ido" ne, tun da muna cewa idona ya yi mini gizo. Hajiya, wannan ya fi kusa, amma shi ma hukunci ne ta ɗaya ɓangaren: yana nufin babu komai, kai ne ka ruɗe. Kalmar da nake nema ita ce wadda majinyaci zai faɗa wa likita a asibitin koyarwa na Shika, ya kuma faɗa wa malamin ruƙiyya a cikin gari, kowannensu ya gane abin da mutumin ya gani, sannan a shiga muhawarar dalili.

Kafin in kawo tawa, sai mun duba yadda abin yake faruwa, don ni a ganina sunan Turancin ya cusa abubuwa biyu a buhu ɗaya.

Na farko shi ne wanda ake gani ido biyu, a wulge. A bayan ƙwayar ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Masu rarrabe launi da ƙananan siffofi, kusan miliyan 6, sun fi taruwa a tsakiya, daidai inda kake kallo. Masu aiki a duhu, kusan miliyan 120, sun bazu a gefe-gefe, kuma ba su san launi ba, motsi da haske da duhu kawai suke kamawa. Shi ya sa duk abin da gefen ido ya ɗauko da magariba yake zuwa baƙi, ba fuska. Sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin, kuma siffar da ta fi saurin zaɓa ita ce ta mutum. Halinta irin na maigadin da ya gwammace ya yi ihun ɓarawo a kan akuya sau goma da ya yi shiru sau ɗaya ɓarawon gaske ya shigo. Babbar riga a rataye a ƙusa, labule da iska ta kaɗa, reshen tsamiya da fitilar mashin ta haska, duk sun isa. Da ka juya ka sa masa tsakiyar ido, sai ya ɓace, domin yanzu ƙwayoyin da ke gani dalla-dalla ne suka karɓi aikin.

Akwai abubuwan da ke ƙara masa ƙarfi. Rashin barci na kwanaki yana kan gaba, haka magungunan da ke hana barci. Zaƙami ma, wanda muka sani a bayan gidajenmu, yana toshe wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, shi ya sa wanda ya sha yake hira da mutanen da babu su. Masu cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar hannu, sukan ba likitoci labarin wani abu da ke wucewa ta gefensu. Wanda na fi son a kula da shi shi ne hayaƙi. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka koma wani gida suka riƙa jin takun sawu, suna ganin mutane a ɗaki, suna fama da ciwon kai da kasala. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ke zubo musu iskar kabon monoksaid. Irin iskar da ke fita daga janareta ke nan, da garwashin da muke shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, kuma ba ta da launi ba ta da wari. Idan mutanen gida ɗaya suka fara ganin abu tare, ga ciwon kai, a fara fitar da janareta waje a buɗe taga tukuna, don wannan kisa yake yi.

Za ku ci karo da labarin Vic Tandy, injiniyan Ingila da ya danganta wata sura mai ruwan toka da ya gani da wata fanka mai fitar da sautin da kunne ba ya ji, girgiza kusan 19 a sakan ɗaya. Ya wallafa a 1998. Labarin da daɗi, amma gwajin da aka yi daga baya a Landan bai mara masa baya ba, don haka na wuce shi.

Na biyu shi ne wanda ke zuwa tare da dannau, kuma nan ne harshenmu ya riga ya yi rabin aikin. A matakin barcin da ake mafarki, wanda masu bincike a Jami'ar Chicago suka gano a 1953, ƙwaƙwalwa takan kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci sai hankali ya farka, jiki bai sake ba. Ido a buɗe, ka ga ɗakinka, ka kasa ɗaga yatsa, ka kasa salati da ƙarfi, numfashi ya yi gajere kamar an ɗora maka dutse a ƙirji, sannan ragowar mafarkin ta zubo cikin ɗakin. A nan ne ake ganin mai tsayuwa a bakin ƙofa ko a ƙarshen gado. Shi ba wucewa yake ba, tsayawa yake yana kallo. Wani nazari na 2011 da Brian Sharpless da Jacques Barber suka yi, wanda ya tattara bayanan mutum sama da 36,000, ya nuna kashi 7.6 cikin ɗari na jama'a sun taɓa yin dannau, amma a cikin ɗalibai kashi 28.3 ne. Wanda ya ga yadda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke kwana a aji lokacin jarrabawa, su sha shayi mai kauri su kwanta da asuba a kan benci, ba zai yi mamaki ba. Kwanciyar rigingine tana ƙara jawo shi, saboda haka kwanciya a gefen dama da aka koya mana tun muna makarantar allo tana da ranarta a nan ma.

Kowace al'umma da sunan da ta ba shi. Larabawa na cewa jasum ko kabus, kuma Ibn Sina ya yi maganar kabus a matsayin cuta tun ƙarni na 11. Yarbawa na cewa ogun oru, Japanawa kanashibari. A tsibirin Pemba na Zanzibar, tsoron wani dodon dare da suke kira Popobawa ya sa mutane kwana a waje a 1995.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a duk karatun nan shi ne wani rahoto na 2006 daga Suwizalan, na Shahar Arzy da Olaf Blanke da abokan aikinsu, a mujallar Nature. Wata budurwa 'yar shekara 22 mai farfaɗiya ce ake shirin yi wa tiyata, an sa mata wayoyi a ƙwaƙwalwa don gano inda ciwon ke tasowa. Da suka aika ɗan lantarki a wani gurbi na hagu, sama da kunne ta baya, sai ta ce akwai wani a bayanta, ba ya magana, ba ya motsi. Tana kwance, shi ma yana kwance. Da aka sa ta zauna ta rungume gwiwoyinta, sai ta ce ya rungume ta. Da aka ba ta kati ta riƙe, ta ce yana son ya ƙwace. Wannan gurbin shi ne ke haɗa wa mutum labarin inda jikinsa yake, kuma da aka dagula shi sai ta ɗauki surar jikinta a matsayin baƙo. Ita ba ta gane jikinta ba ne, har aka gama.

Ga tawa shawarar. Hausa tana da wani gini da take yi wa abu suna daga aikinsa: danna ya ba mu dannau, sanƙare ya ba mu sanƙarau, ga mantau, ga makarau, har sunaye irin su Nomau da Shekarau. Kyawun ginin shi ne yana faɗin abin da abu ke yi, ba ya faɗin ko mene ne shi. Likita na cewa sanƙarau, boka na cewa sanƙarau, ba su taɓa faɗa a kan sunan ba. Kai, ko shan inna ma, da sunan ke ɗauke da iska ƙarara, da shi ma'aikatan allurar rigakafi suka zagaye unguwanninmu shekara da shekaru.

Saboda haka wanda ke wucewa ta gefen ido, na ce mu kira shi gilmau. Wanda kuwa ke tsaye a lungu, ko a bakin ƙofa lokacin dannau, ko wanda kake jin yana bayanka, mu kira shi laɓau, daga laɓewa. Idan mai fassara yana bukatar kalma ɗaya tak ta rufe duka, ya ɗauki gilmau, shi ya fi yawa a labaran mutane.

Wani ɗan'uwa daga Sabon Gari ya ce me ya hana wulgau, tun da wulgawa ta fi sauri. Gaskiya ne ta fi sauri, amma saurin ne ya yi yawa: abin da ya wulga ba ka ganin siffarsa, masu ba da labarin nan kuwa sukan ce sun ga kafaɗu, sun ga tsayi, wasu har da hula. Giftau ma an kawo, ma'anarsa ɗaya da gilmau, bakina ne kawai ya fi son na biyun. Wanda ya ce a ƙara "baƙi" a ce baƙin gilmau, ba ni da ja, amma a kanun labari kalma ɗaya ta fi tafiya.

Ga masu cewa wa ya ba mu izinin ƙirƙira: a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Abubakar Imam da abokan aikinsa sun yi ta fama da baƙin kalmomin yaƙi da na mulki, wasu suka zauna, wasu suka bi ruwa. Masu karatu ne suka tace.

Ta fuskar nahawu, gilmau namiji ne kamar dannau, kuma ba ya bukatar jam'i, kamar yadda ba mu yi wa sanƙarau jam'i. A gwada shi a jimla: "Tun da ya fara aikin dare yake ganin gilmau." "Dannau ya kama ta, ta ce har da laɓau a bakin ƙofa." "Likita ya ce ganin gilmau bayan kwana biyu ba barci ba alamar taɓin hankali ba ne, amma idan ya zo da jin muryoyi ko ruɗewa a kai shi asibiti." Masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatan jinya da ke bibiyar wannan zaren, ku sa shi a bakin masu sauraro da majinyata, ku dawo mana da abin da suka ce.