Neman kalma: ya za mu kira "afternoon tea" da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Neman kalma ya kawo ni yau, kuma so nake mu tsayar da magana ɗaya dan katin gayyata zan rubuta da Hausa zalla. Abin nan da Turawan Ingila ke kira afternoon tea nake nufi, musamman irin wanda ake shiryawa a gida a ɗora shi kan wani fim ko littafi ko katun, a kuma yi komai da hannu ba sayowa ba. Sunan zaman kansa nake nema, da sunan abin da ake ɗora shi a kai, sai na kayan da ke kan tebur. Wasu 'yan uwa sun riga sun kawo shawarwari da gyara, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bari in fara faɗin ko menene, dan naga wasu sun ɗauka shayi ne kawai a kofi. Ɗan ƙwarya-ƙwaryar ci ne tsakanin abincin rana da na dare, wajen uku da rabi zuwa biyar. Ana danganta farkonsa da Anna Russell, matar basaraken Bedford, wajen 1840. A lokacin manyan gidajen Ingila ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe takwas, to ita yunwa kan taso mata kafin nan sai ta sa a kai mata shayi da burodi da bota da ɗan kek ɗakinta, daga baya ta fara kiran ƙawayenta ana sha tare, kuma da yake tana kusa da Sarauniya Biktoriya abin bai daɗe ba ya bazu cikin matan masu hali. Yanzu yanda ake jera shi, faranti ne mai hawa uku. Hawan ƙasa sanwic ne ƙanana da aka yanke musu gefe aka yanka su tsawon yatsa, na kokwamba, na ƙwai, na kifi. Na tsakiya sikon (scone, wani ɗan gashin fulawa mai kama da burodi) da jam da kirim mai kauri. Na sama kek da sauran kayan zaƙi. Daga ƙasa ake fara ci a haura.

To sunan. Wata 'yar uwa ta ce shayin rana. A'a gaskiya, rana a kunnen Bahaushe tsakar rana ce, lokacin azahar da zafi, duk wadda ta ga haka a kati ƙarfe ɗaya za ta iso tana jiran shinkafa.

Shayin yamma shi ya fi samun goyon baya kuma na gane dalili, shi ke fara zuwa baki. Amma matsala biyu gare shi. Yamma tana da faɗi, tun daga bayan la'asar har gab da magariba duk yamma ce. Sannan yamma ɗin nan dai ita ce ta "ƙasashen yamma", wani zai karanta ya ɗauka shayin Turawa ake nufi, wato wani kalar ganyen shayi, alhali lokaci muke so sunan ya nuna.

Ni kam shayin la'asar nake so mu ɗauka. Ki faɗa ma kowace Bahaushiya "ki zo da la'asar", ta san wajen ƙarfe huɗu ne, an yi sallah, rana ta yi sanyi, ba a kai ga hidimar tuwon dare ba. Daidai gurbin da Anna Russell ta cike ke nan. Kuma sunan ba ya buƙatar bayani, yaro ma ya ji ya gane.

Malam, na ga gyaranka cewa ba a ko'ina ko a kowane lokacin shekara ƙarfe huɗu ke faɗawa la'asar ba, kuma magana ce mai ƙarfi, Allah ya ƙara sani. Gaskiya ne a Landan cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, wato mai shan shayi ƙarfe huɗu a lokacin ya riga ya shiga magariba, a tsakiyar bazararsu kuma la'asar kan wuce ƙarfe biyar. Amma inaga la'asar a bakinmu ta daɗe da zama sunan wani yanki na yini bayan kasancewarta sunan sallah, shi ya sa muke cewa la'asar sakaliya, muke cewa kasuwar nan sai la'asar take ci. Da wannan ma'anar na ɗauke ta. Mai gayyata kuma ai za ta rubuta ƙarfe nawa a kati, ta duba jadawalin sallah na garinta kafin ta sa lokaci.

Yayata ta Maraɗi ta kawo shayin marece, kuma wallahi kalmar ta yi min daɗi. Sai dai ina so mu ajiye ta ma wani abu daban. Akwai wanda suke kira high tea, mutane da yawa har da masu otal a wasu ƙasashe suna ɗauka shi ne na manya saboda sunan. Asalinsa na ma'aikata ne, abinci mai nauyi da nama ko kifi ko ƙwai da burodi da butar shayi, ana ci in an taso daga aiki wajen ƙarfe biyar zuwa bakwai a kan dogon teburin cin abinci. Na la'asar ɗin shi ne na masu hali, a ƙananan tebura a falo. To in muka ce shayin la'asar ga wannan, shayin marece ga wancan, mun raba su tsaf kuma mun huta da rikicin da su masu yaren ma suke yi.

Saura in an tara mutane, me za a kira taron? Nan ne na fi daɗewa ina juyawa. Walima a wajenmu tana da nauyinta, ta sauka ce ko ta aure ko ta dawowa daga Hajji, za a zo da tsammanin malama da wa'azi da jama'a cike da tsakar gida. Liyafa kuma ta manyan baƙi ce, irin wadda ake ji a labaran rediyo. Fati yana jawo kiɗa da rawa, kuma akwai gidajen da in an ga kalmar a kati ba za a bar yarinya ta je ba. Shi kuwa wannan mutum shida ne ko takwas, a zaune, ana zuba shayi ana hira a hankali. Dan haka zama nake gani. Zaman shayin la'asar. Dama shayi a wajenmu abin zama ne, ku dubi fada a Nijar yanda ake kewaye ɗan murhu da buta ana jiran na ɗaya da na biyu da na uku, ba mai sauri.

Yanzu abin da suke kira theme. Bari in nuna shi a aikace dan a ga me muke nema ma suna. A ce an zaɓi Alice, yarinyar littafin Lewis Carroll na 1865, wanda dama a cikinsa akwai shahararren zaman shayi inda lokaci ya tsaya cak a ƙarfe shida, kullum lokacin shayi ne. To mai gida za ta samo agogo ta tsayar da shi a shida ta ajiye tsakiyar tebur. Kofunan tangaran da gangan ba za su zama saiti ɗaya ba, wannan mai fure wancan mai ratsi, a shagunan gwanjo ake tsinto su. Ƙananan kwalabe na lemo a ɗaura musu 'yar takarda a wuya an rubuta "sha ni", kek kuma a rubuta masa "ci ni", kaman yanda yake a labarin. Biskit a yanka shi siffar zuciya a ɗiga jan jam a tsakiya saboda sarauniyar karta, a warwatsa katin karta kan mayafin tebur. Ko a ce Paddington aka zaɓa, ɗan beyar nan mai jar hula da ya sha shayi da Sarauniya Elizabeth a wani ɗan bidiyo a 2022 lokacin bikin cikarta shekara 70 a kan mulki, har ta zaro sanwic ɗin jam ɗin lemo daga jakarta. To a nan dole wannan sanwic ɗin ya hau faranti. Kun ga abu ɗaya ne ke juya kwalliya da abinci da kati har da shigar baƙi.

Anti ta ce a kira theme ɗin anko. Anko ya tsaya a kaya ne kawai Anti, bai kai kan faranti ba. Wani ya ce take, kaman yanda ake cewa "taro mai taken kaza", amma take jimla ce da ake rubutawa a allo a karanta a wuce. Jigo nake so. Duk wanda ya yi adabin Hausa a sakandare ya san jigo, shi ne abin da labari ko waƙa suka ginu a kai gaba ɗaya, kuma haka muke cewa wane jigo ne a gidansu. Zaman shayin la'asar mai jigon Alice. Ku faɗe shi da baki ku ji, ya zauna.

Abin da suke kira pop culture, wato irin su fim da katun da waƙa da ake ɗauko jigo daga cikinsu, shi ne ya ɗan ba ni wuya. Da farko kalmar yayi na so, jigon yayi, gajere ne kuma namu ne. Ya dace da fim ko waƙar da ake tashe yanzu. Amma yayi wucewa yake, ita kuwa Alice ta haura shekara 150 ana yi da ita, Paddington tun 1958 yake. Al'adun zamani kuma ya yi faɗi, har waya da mota sun shiga ciki. Abin da ya haɗa su duka, fim da katun da littafin labari da waƙa da wasan kwamfuta, nishaɗi ne da kowa ya sani. Sai na ce jigon nishaɗi in ana maganar su a dunƙule, jigon yayi kuma a bar shi ga wanda ake tashe.

Kayan tebur bai kamata ya ja mu da nisa ba. Ƙwalam yana kai hankali ga awara da tsire da yaji. Kayan fulawa ya yi kusa sosai kuma shi mata ke faɗa, sai dai maƙulashe ya fi ɗaukar duka. Maƙulashe haɗin gida, shi ke nan.

Sikon kam mu bar masa sunansa yanda muka bar ma kek da biskit nasu. Wata ta ce a kira shi fanke gasasshe, dan Allah kar mu yi haka, duk wadda ta ji fanke za ta sa yis ta buga ƙulli ta bar shi ya tashi, shi kuwa sikon bugu ke kashe shi. Bota mai sanyi ake murzawa cikin fulawa da bakin hoda da kan yatsu har ya yi wara-wara kaman dambu, a zuba madara a haɗe shi sama-sama, a fitar da kauri, a danna abin yanka a miƙe kar a murɗa shi in ba haka ba ya tashi a karkace, a gasa a wuta mai ƙarfi minti goma sha biyu zuwa sha biyar. Da ɗuminsa ake raba shi biyu da hannu. A Ingila, mutanen yankin Devon kirim suke fara shafawa sannan jam, na Cornwall jam tukuna sannan kirim a sama, kuma har yau ba su daina musu a kai ba.

Kirim ɗin ne har yanzu ban samu sunan da ya kwanta min ba. Dafa shi ake a hankali na tsawon awanni a bar shi ya huce har samansa ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ya fi kindirmo kauri nesa, ba shi da tsami, kuma bai kai man shanu ba. Na rubuta kirim mai kauri a sama dan dole. Masu dangi a ruga, dan Allah ku tambayo mana me ake kiran abin da ke taruwa a saman madara in an dafa ta ta kwana, in akwai sunansa shi za mu ɗauka.