Katamaran ɗina ya ƙi juyawa, ina na kuskure?

Mai Sassaƙa: Assalamu alaikum. Wata tara ina haɗa katamaran, wato kwalekwale biyu da aka ɗaure da gungume biyu, kowane kwalekwale tsawon mita 5, na katakon filawud da gam ɗin ifoksi. Zanen nawa ne, ban kwafi na kowa ba, don haka ba wanda zan ɗora wa laifi. A miƙe yana gudu kamar ya tashi sama. Amma da na zo juya hancinsa ta cikin iska sai ya cije, ƙyallen da ke kama iska na ta faɗa-faɗa, jirgin na ja da baya. Jiya sau 7 na gwada, sau 2 kawai ya juya. Kuma in na saki sandar tuƙi, da kansa yake karkata ya fuskanci iska, har kafaɗata ta yi tsami. Ga ɗaurin gungumen yana ƙara ƙiiƙii in igiyar ruwa ta buga. In kwance in sake?

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka taɓa zarto tukuna. Halin katamaran ne: ba shi da nauyi, jikinsa siriri ne dogo, da ya fuskanci iska sai ƙarfinsa ya mutu. Ka fara da gudu, ka tura sandar a hankali, don in ka banka ta allon tuƙin birki yake zama. Ka bar ƙaramin ƙyallen gaba a ɗaure yadda yake, iska ta bugi bayansa ta tura hancin, ka sassauta babban, kai kuma ka koma baya don hancin ya ɗaga. In ya fara ja da baya, juya sandar ɗaya ɓangaren.

Injiniya: Baba ya yi gaskiya, amma ciwon kafaɗar nan ba na hannu ba ne. Ƙarfin iskar na faɗawa bayan inda jirgin ke riƙe ruwa. Ka ɗan miƙar da sandar ƙyallen, wato doguwar sandar da ke riƙe da shi a tsaye, ta yi gaba. Kada dai ka kashe karkatar gaba ɗaya. Ranar da ka faɗa ruwa, ita za ta tsayar maka da jirgin. Kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowace fita, ka rubuta.

Tsohon Matuƙi: Maganar ƙara kuwa, James Wharram ɗan Ingila, wanda ya ƙetare Atlantika a 1956 da katamaran ɗin da ya haɗa da hannunsa, da gangan ya riƙa ɗaure gungumen jiragen da ya zana daga baya da igiya don su ɗan motsa. Duba dai ko igiyar na cin katako.

Mai Sassaƙa: Na gode Baba, na gode Injiniya. Yau sandar ƙyallen kawai na matsar. Juyi 8 cikin 10, kafaɗa lafiya lau. Igiyar kuwa ta fara cin gungumen baya ta hagu, zan sa masa fata.