Ƙuri'a ta faɗo kaina in fito a maharin, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina shekarar ƙarshe a fannin nazarin tsaro, kuma zangon nan muna da wani kwas da aka gina kacokan a kan atisayen harin ta'addanci. An kasa mu rukuni-rukuni: 'yan sanda, ma'aikatan agaji, 'yan jarida, da waɗanda abin ya rutsa da su. Ranar ƙarshe za a kwaikwayi hari a ɗakin taro, da hayaƙi da ƙarar fashewa ta lasifika da jinin ƙarya. Maki 40 cikin 100 a nan suke.

Da aka yi ƙuri'a sai ta faɗo kaina in zama maharin. Shugaban rukuninmu har ya ce in zo da jallabiya da rawani, in yi kabbara kafin ƙarar ta tashi.

Abin da ba su sani ba, ina Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, lokacin da aka kai harin bam a wurin. Shekarata 12, ina riƙe da hannun yayana. Shi bai dawo gida ba. Har yau in taya ta fashe a titi gwiwoyina sakewa suke. Saboda ranar nan na zaɓi karatun, amma yau kwana uku barci ya ƙaurace mini. In daure ne, ko in je wurin malamin? Tsorona kada a ce wanda ya kasa kwaikwayo ina zai iya na gaske.

Tsohon ma'aikacin agaji: Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Ɗana, na yi irin wannan atisaye ba sau ɗaya ba, kuma ba taurin zuciyar ɗalibi ake aunawa ba, tsari ake aunawa. Wa ke ba da umarni? Minti nawa aka ɗauka kafin a killace wurin? An bar wa motar asibiti hanya, ko 'yan kallo sun toshe ta? An tantance masu rauni daidai, ja ga wanda ransa ke hannun Allah, rawaya ga mai iya ɗan jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa? An tuna cewa hari na biyu kan biyo bayan na farko? Kai ka fi kowa sanin wannan, don a Kano bayan fashewar harbi aka buɗe wa masu gudu. Maharin kansa shi ne mafi ƙarancin aiki a wurin. Ka roƙi malamin ya mai da kai ɗakin gudanarwa, ko cikin masu riƙe agogo da takarda suna rubuta kurakurai. A can ilimin yake.

Wani ɗan uwa: Ni dai a ganina ka daure. Aikin da ka nufa ba ya zaɓa wa mutum abin da zai gani, gara ka fuskance shi tun yanzu.

Ma'aikaciyar jinya: Ɗan uwa, fuskantar tsoro magani ce in an yi ta sannu a hankali a hannun masani, ba a gaban aji da hayaƙi a ido ba. Ƙanena, rashin barcin nan da sakin gwiwa ba ragwanta ba ce, ciwo ne da ake magancewa. Ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba ɗalibai shawara, ko da atisayen ko babu.

Malamar jami'a: Ni maganar rawanin ce ta tsaya mini a rai. A watan Mayu 2016 'yan sandan Manchester a Ingila sun yi atisaye a wata babbar cibiyar kasuwanci, wanda ya fito a ɗan ƙunar baƙin wake ya yi kabbara, sai da suka fito suka nemi afuwa. Mu da aka kashe mana mutane a sahun salla, mu ne za mu koya wa jami'an gobe cewa rawani ne alamar mahari? Ka faɗa wa malamin wannan ma. Sannan ka tambaye shi ko an sanar da sauran ɗalibai da maƙwabta. A Nuwamba 2015 an yi atisaye a Jami'ar Strathmore da ke Nairobi, watanni kaɗan bayan kisan da 'yan bindiga suka yi wa ɗalibai a Jami'ar Garissa, duk a Kenya. Da yawa ba su san atisaye ba ne, suka riƙa dirowa daga bene, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Ka same shi a ofis kai kaɗai, ka tafi da buƙatarka a rubuce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je ɗazu. Ina fara ba shi labari ya ajiye biro, ya tashi ya rufe ƙofa. Ya mai da ni cikin masu riƙe agogo, ya ce maharin zai sa riga mai ɗauke da lamba kawai, kuma za a liƙa sanarwa mako guda kafin ranar. Anti, ranar Litinin zan je asibitin in sha Allahu. Umma ce dai har yanzu ban san yadda zan faɗa mata ba.