Gwada direbobin motar asibiti da tabaran VR a Bauchi: daga ina za a fara?

Ɗalibi daga Yelwa:
Assalamu alaikum malamai. Ana son nazarin yadda direbobin motar asibiti ke tuƙi idan sun kunna jiniya, amma da tabaran VR, wato wanda in ka sa shi kake ganin kanka cikin titin da kwamfuta ta zana, a cikin ɗaki. Wane kaya ake buƙata, kuma me za a auna?

Injiniyan kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Nemi sitiyarin da ake haɗawa da kwamfuta irin Logitech G29, yana juyawa digiri 900, kuma yana zuwa da totur, birki da kuloci. Sandar giya daban ake sayenta. A ɗaure su da kyau gaban kujera, don in sitiyarin yana rawa awon ya lalace. Tabarau kuwa mai bin motsin ido ya fi, kamar HTC Vive Pro Eye. Tabaran Quest 2 ba ya yin wannan. Ɗauko taswirar gari daga shafin taswira na OpenStreetMap ka gina titin a Unity, manhajar ƙera wasannin kwamfuta, ka fara da shataletalen Wunti kaɗai. Kwamfutar ta iya fitar da hoto 90 a daƙiƙa, kuma a haɗa ta da inbata.

Malamin tuƙi:
Ɗana, ka sa ido a mahaɗar hanya, nan haɗarin yake. Direba yakan ɗauka tunda jiniya na kuka kowa ya ji shi, alhali wanda ya rufe gilashi ya kunna rediyo ba ya ji sai an zo dab da shi. Auna gudunsa mita 50 kafin mahaɗa, ko ya dubi dama da hagu, da lokacin da ya ɗauka kafin ya taka birki. A gudun kilomita 60, mota na cin kusan mita 17 duk daƙiƙa, jinkirin daƙiƙa ɗaya da rabi mita 25 ke nan. Kuma don Allah a cika titin da abin da muka sani: mai keke napep da zai ja birki ba sigina, mai babur da zai kutso ta gefe, mai tura ruwa. Titin da kowa ke kaucewa cikin ladabi ba zai nuna maka halin kowa ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ku kula da jiri. Ido na ganin mota ta tsaya, jiki bai ji komai ba, sai tashin zuciya. Kada zama ya wuce minti 15, a sa fanka ta fuskanci direban, wanda ya fara gumi mai sanyi a cire masa tabaran nan take.

Injiniyan kwamfuta:
Gaskiya ne Hajiya. Ƙari ɗaya: a tabarau abu yakan yi kamar ya fi kusa, gudu kuma ba a jinsa a jiki. A ba kowane direba minti 5 ya saba tukuna, sannan a kwatanta tuƙinsa da jiniya da tuƙinsa babu ita, a titi guda.