Shawarwari kan ɗinkin tufafi irin na da

A wata tattaunawa da masu sha'awar ɗinki suka yi kan kayan mata na shekarun 1950, wato yayin matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket wanda Christian Dior ya fito da shi a birnin Faris a 1947, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada mai koyo ta dogara da lambar da ke jikin tsohuwar takardar yanka, domin awon wancan zamani ya bambanta da na yau. Gara ta ɗauki tef ta auna ƙirjinta da ƙugunta, ta fara gwada yankan a kan akoko mai araha, ta zana alli a duk inda ya yi mata yawa, kafin ta sa almakashi a yadi mai tsada. An kuma ja hankali cewa a wanke yadin auduga tukuna, saboda yana shiga ruwa yake tsukewa. Batun keke kuwa, tsohon Singer na ƙafa ya wadatar.

Kan salo ne ra'ayi ya rabu. Wasu suna son kwaikwayon zamanin tun daga maɓalli har takalmi, amma ni na fi gamsuwa da masu cewa mace ta zaɓi abu guda da ya karɓe ta, kamar yankan wuya ko tattarar siket, ta ƙara tsawon hannu yadda za ta iya fita da rigar kullum.